Tazarar da Ke Tsakanin 504 da 505

Mu da muka yi ƙuruciya tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, a gidajen ma'aikata na Kaduna da Zariya da Kano da Jos, da yawanmu ta gilashin doguwar Fijo muka fara ganin ƙasar nan. Kujerar can ƙurya, layi na uku, ita ce tamu. Manya ba sa son ta, domin sai an ture ta tsakiya an sunkuya kafin a shiga, kuma gwiwar babba ba ta samun wurin sakewa. Mu kuwa a nan muke shan rake, a nan muke faɗa a kan wanda zai zauna kusa da taga, a nan barci ke kwashe mu tun ba a kai Kwanar Dangora ba. A bayan wuyanmu akwai buhun masara da galan ɗin man gyaɗa da tabarma, wani zubin har da zakara an ɗaure masa ƙafa, yana kallonmu muna kallonsa.

Sunanta a takarda Peugeot 504, samfurin iyali, wanda kowa ke kira wagon. A irin waɗannan gidaje ne, wajen 1983 zuwa 1986, wata magana ta riƙa zagayawa bayan sallar isha'i: Baba zai canza mota, 505 za a saya. Lamba ɗaya ce tal tsakanin motocin biyu. Amma in aka bi sawun gidajen da suka yi niyyar tsallake wannan tazara, da waɗanda suka tsallake, da waɗanda suka faɗa tsakiya, za a ga daidai lokacin da albashi ya daina sayen sabuwar mota a Najeriya. Har yau kuwa bai koma saya ba.

Ita 504 ba don mu aka ƙera ta ba. A 1968 kamfanin Peugeot ya fito da ita a Faransa, shekarar da ta biyo baya aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai, wagon ɗinta kuma ta zo a farkon shekarun 1970. An yi ta ne don magidancin Faransa mai 'ya'ya da yawa da ɗan kasuwar ƙauye mai kai kaya gari. Sai aka yi dace, abin da ya yi musu daidai ya fi yi mana daidai. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya a salun mita 2.74 ce, a wagon kuwa an ja ta zuwa mita 2.9, an ɗaga rufin baya, aka sa mata aksil guda mai ƙarfi da ke zaune a kan sifirin huɗu, biyu a kowane gefe. Shi ya sa za a labta mata kaya har bayanta ya yi kamar zai share ƙasa, ta shiga gargada ta fita ba ta karye ba. Injinta mai silinda huɗu ne, kusan lita biyu, da kafireta, kuma tayoyin baya ke tura ta. Babu wani abu a jikinta da bakanike ba zai kwance a gindin mangwaro ya mayar kafin la'asar ba.

Kafin zuwanta ma sunan Fijo ya riga ya kafu. Yayarta 404, wadda ta fito a 1960, sau huɗu ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a cikin shekarun 1960, ita ma 504 ta lashe a 1975. Direbobinmu ba su damu da wannan gasa ba, tasu gasar kullum suke yin ta a hanyar Funtuwa zuwa Gusau, kuma hukuncin da suka yanke bai bambanta da na can ba.

Abin da ya mai da ita 'yar gida shi ne masana'antar Kakuri. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙulla yarjejeniya da Faransawa, aka kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria a ƙarshen 1972, aka buɗe masana'antar harhaɗawa a Kaduna a farkon 1975. Ba ita kaɗai ba ce: Volkswagen a Legas, manyan motocin Marsandi a Inugu, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano. Sai dai akwai wani abu a tarihin ta Kaduna da ya kamata mu tsaya a kansa. A shekarar da aka buɗe ta, tashar jiragen ruwa ta Legas a toshe take. Ɗaruruwan jiragen siminti sun yi layi a teku, wasu wata da watanni ba su sauke ba. Maimakon a jira, sai aka koma sama. Kamfanin jiragen saman Faransa mai suna UTA ya riƙa kwaso sassan motoci daga birnin Lyon yana sauke su a filin jirgin Kano, daga nan manyan motoci su kai su Kaduna, tafiyar fiye da kilomita 200. Shekaru aka yi ana haka. Wato motar da muke cika wa baya da buhun masara, a jirgin sama injinta ya zo. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin kuɗin da ke hannun ƙasa a lokacin, ya kuma nuna inda igiyar take ɗaure. A nan ake haɗawa, ana samun taya da batir da gilashi da kujeru a cikin gida, amma inji da giya da yawancin ƙarfen bodi daga Faransa suke zuwa, kuma da kuɗin waje ake biya.

A lokacin babu wanda wannan ya dama. Farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu tsakanin 1973 da 1974. Kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawarar ƙarin albashi, aka biya a farkon 1975 haɗe da ariyas na watanni, ma'aikata suka wayi gari da kuɗin da ba su taɓa riƙewa ba a dunƙule. Wasu suka ƙara aure, wasu suka sayi rediyo mai kaset, masu matsayi suka nufi dilan mota. Ga kuma bashin mota da gwamnati da manyan kamfanoni ke bai wa ma'aikacin da ya kai wani mataki, ana cire shi kaɗan-kaɗan daga albashi. Wannan bashi ya shiga jinin ma'aikata sosai, har da gwamnatin soja ta soke shi a ƙarshen shekarun 1970, dawo da shi ya zama ɗaya daga cikin buƙatun ƙungiyar ƙwadago a yajin aikin gama-gari na 1981.

Sai kuma siyasa ta ƙara mata daraja. Bayan an kashe Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairu 1976 cikin baƙar Marsandinsa a Legas, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage ƙawa, Fijo ta zama motar jami'an gwamnati tun daga sama har ƙasa. Aka samu wani ɗan zamani, gajere ƙwarai, da babban sakatare da shugaban makarantar sakandare da direban tasha duk mota iri ɗaya suke hawa. Bambancin bai wuce na launi da labule da na'urar sanyaya ciki ba. Kayan gyaransu a rumfa ɗaya ake saya, a Panteka ko a Ƙofar Ruwa, kuma sau da yawa bakanikensu ma ɗaya ne.

Wagon ta fi salun wahala a hannun mai ita, domin ba tasa ba ce shi kaɗai. Duk gidan da aka ajiye ta, unguwa ta samu mota. Mace ta fara naƙuda da tsakar dare, ƙofarku za a buga. Kai lefe, rakiyar amarya, taryen alhazai a filin jirgi, ɗauko tsoho daga ƙauye a kwance zuwa asibiti, mai da ɗalibai makarantar kwana da akwatunansu na ƙarfe, duk ita ce. Ranar jajibirin babbar sallah a kwantar da kujerar baya a sa rago. Iyayenmu maza sukan yi ƙorafi, su ce sun zama direbobin dangi ba albashi, amma ba mu taɓa ganin an hana ba. In mai gida ya gaji, makullin zai miƙa wa ƙaninsa.

To, me ya sa za a rabu da irin wannan mota? Mun daɗe muna jin ana cewa son girma ne kawai. Akwai shi, amma ba shi kaɗai ba ne, kuma bai kamata mu yi wa iyayenmu dariya a kan abin da a zamaninsu lissafi ne mai kyau ba. Mutanen nan a kan tsani suka taso. Sun fara da keke, suka koma Vespa ko Honda, daga nan ƙaramar Volkswagen ko tsohuwar 404, sannan 504. Duk matakin da suka bari, wani na ƙasa ke hawa: keken ya koma hannun ƙane, babur ya koma hannun masinja, motar kuma in ta yi shekara shida ko bakwai direban tasha ya saya ya sa ta a layi. Sau uku ko huɗu sun yi wannan canji a rayuwarsu, bai taɓa cin amanarsu ba. Bashi ya ƙare, mota ta fara shan baƙin mai, ƙarin girma ya zo a ofis, me ya rage in ba a canza ba? Ga kuma wani ƙaramin abin haushi da ba a faɗa a fili. Da yake wagon ta cika tashoshi, sai babban ma'aikaci ya fito da babbar rigarsa zai tafi ofis, mutanen bakin hanya su riƙa ɗaga masa hannu suna kiran "Zariya! Zariya!" Wannan ya kori mutane da yawa daga wagon fiye da duk wata matsalar inji.

A 1979 Peugeot ta fito da 505 domin ta gaji 504, wagon ɗinta kuma ta zo a 1982, wadda samfurinta na iyali ke ɗaukar mutum takwas. Kaduna ma ta shiga harhaɗa 505. Mota ce kyakkyawa, ba musu. Bodinta ya fi miƙewa, cikinta ya fi shiru, wanda ya tsara cikin nata kuwa, Paul Bracq, ya yi shekaru yana zana wa kamfanin Marsandi motoci kafin ya koma Peugeot. A manyan samfuranta akwai sitiyari mai laushi da gilashi mai hawa da kansa da kujeru kamar karammiski. Mu yara abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne gilashin nan. Duk gidan da aka sayi 505, sai an yi wa wani yaro duka a kan danna maɓalli.

Amma in aka buɗe bonet, labari ya canza. A samfuran da aka fi saya, injin nan ne dai na 504 mai kusan lita biyu. Ƙasan motar daga na 504 aka samo shi. A wagon, tazarar tayoyi mita 2.9 ɗin nan ce, aksil ɗin baya ma irin wancan ne. Kuɗin da aka ƙara, yawancinsa a kan abin da ido ke gani da abin da jiki ke ji ya tafi. Wannan ba laifi ba ne, kowa na son hutu. Sai dai yana nufin wanda ya zauna da 504 ɗinsa bai rasa komai ba ta fuskar kai shi inda za shi.

A gidanmu an yi wannan muhawara, kuma mun ji ta ta bayan labule. Dila ya shaida wa Baba cewa wagon ɗin 505 wuyar samu take, in yana so ya shiga layi sai dai salun. Da ya zo da maganar, Mama ba ta ce kada ya saya ba. Cewa ta yi, "Malam, ita sabuwar mutum nawa take ɗauka?" Ya ce biyar. Ta ce, "To, mu tara ne, ban da Inna." Bakanikensa ma, wanda ya san motar fiye da yadda ya san 'ya'yansa, ya goge hannu da tsumma ya ce, "Ranka ya daɗe, injinka ne fa aka sa wa sabuwar riga. Ka bar ni in yi mata zobe, za ta ƙara shekara goma." Baba ya saurari kowa, ya yi abin da ya riga ya ƙudura. Ya sayar da wagon ga wani direba mai bin layin garinmu, ya haɗa da abin da ya tara, ya kai wa dila kafin alƙalami, aka rubuta sunansa.

Daga nan sai jira. Abin da Baba bai sa a lissafi ba, ko ya sa bai ba shi nauyinsa ba, shi ne igiyar nan da muka ambata ta riga ta fara tsukewa. Kasuwar mai ta fara sanyi tun 1981. A 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu, shigo da kaya ya koma sai da lasisi, gwamnatin Janar Buhari ta ƙara matsewa. Masana'antar da a farkon shekarun 1980 ke fitar da dubun-dubatar motoci a shekara ta koma tana jiran sassa, mota ta yi ƙaranci, samun ta ya koma sai da layi da sanayya. A 1986 gangar mai ta faɗo zuwa wajen dala 10. Gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin da aka fi sani da SAP, a watan Satumba na shekarar aka fara gwanjon kuɗin waje. Naira da a 1980 ta fi dala ƙarfi, ana ba da dala ɗaya a wajen kwabo 55, kuma har 1985 ba ta kai naira ɗaya ba, sai ga dala ta haura naira 4 a 'yan kwanaki. Motar da injinta da giyarta da kuɗin waje ake biyansu, ina farashinta zai tsaya?

Dila ya kira Baba ya nuna masa sabon farashi. Bai yi masa ƙarya ba, bai kuma riƙe masa ko kwabo ba, ya mayar masa da kuɗinsa cif. Sai dai kuɗin da suka fita daga gidanmu a matsayin rabin sabuwar 505 sun dawo ba su isa su fanso tsohuwar wagon ɗin da aka sayar ba, domin tsofaffin motoci ma sun bi sababbi sun tashi. Baba ya koma kan babur ɗin da ya ba ƙaninsa shekaru goma da suka wuce.

Da sallah ta zo muka tafi tashar Kawo za mu gida, motar da ke kan layi tana lodi tamu ce. An sa mata kariya a sama, an rubuta addu'a a gilashin baya, amma tabon da ɗayanmu ya yi da ƙusa a jikin ƙofa yana nan. Direban ya fito da sauri ya durƙusa. "Haba Alhaji, ai motarka ce, ku shiga kawai." Baba ya ce a'a, mota ta mai ita ce, ya ƙirga kuɗin kowa ya miƙa wa ɗan kamasho. Muka shige kujerarmu ta ƙurya, mu huɗu a wurin mutum uku. Har muka isa ba wanda ya nemi a saya masa rake.

Ba mu kaɗai ba ne. A kusan kowace unguwar ma'aikata akwai gidan da ya faɗa wannan rami, akwai wanda ya yi sa'a ya karɓi tasa 505 ɗin wata biyu kafin gwanjo, akwai kuma wanda taurin kai ko rashin kuɗi ya sa ya riƙe 504 ɗinsa, daga baya aka riƙa yaba masa hangen nesa da shi kansa bai san yana da shi ba. Waɗanda suka samu ma ba su tsira duka ba. Fitilar gaba ɗaya ta fashe, ko injin ɗaga gilashi ya mutu, sai a ji kuɗin da ya kusa albashin wata. An ga 505 da yawa suna yawo da gilashi a tokare da guntun katako.

Lissafin da ya fi bayyana abin da ya faru shi ne na mafi ƙarancin albashi. A 1981 an tsayar da shi a naira 125, wanda a canjin lokacin ya kai kimanin dala 200. A 1991 aka ninka shi zuwa naira 250, amma a canjin wannan shekarar bai wuce kimanin dala 25 ba. Albashin manya ma haka ya narke. A 1993 dala ta kai naira 22 a farashin gwamnati, a tsakiyar shekarun 1990 kuma ta haura 80 a hannun 'yan canji. Sabuwar mota ta fita daga hannun malami da likita da akawu, ta koma ta gwamnati da bankuna da 'yan kwangila.

Da na saman tsani suka daina sayen sabuwa, na ƙasa suka rasa tsohuwar da za su gada. Dole aka nemo ta a wani wuri, kuma 'yan'uwanmu na Nijar sun riga mu sanin hanyar. Tun shekarun 1970 samarin Turawa ke sayen tsofaffin Fijo da araha a Faransa da Jamus, su tsallaka da su teku zuwa Aljeriya, su keto Sahara ta Tamanrasset da Assamaka, su sayar a Arlit ko Agadez ko Yamai, su hau jirgi su koma da ribar da ta biya musu yawon. Rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar a farkon shekarun 1990 suka rufe wannan hanya. Sai ciniki ya koma ruwa. Daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam ake lodin tsofaffin motocin Turai zuwa Kwatano, a rubuta cewa Nijar za su, su hau arewa, da yawansu su sulalo ta Maraɗi zuwa Jibiya ko ta Birnin Ƙonni zuwa Illela. Daga nan kalmar Beljiyam ta shiga bakinmu, har ta zama sunan duk wani abin da Bature ya yi amfani da shi ya gaji, ko da daga Amurka ya fito.

A cikin waɗannan motoci ne wagon ɗin 505 ta iso da yawa. Motar da iyayenmu suka yi wa layi ba su samu ba, sai ga ta bayan shekara goma, ta sha dusar ƙanƙara da gishirin titunan Turai, kuma ba gidajen ma'aikata ta fi nufa ba, tasha ta nufa. A Unguwa Uku da Kawo da Kwangila aka jera ta kusa da 504, ana cusa mutum biyu a gaba, huɗu a tsakiya, uku ko huɗu a ƙurya. Da yawanmu a nan muka fara hawanta, da kuɗin mota a hannu, muna tafiya jami'a. Gilashin nan mai hawa da kansa ya daɗe da mutuwa.

Ita kuwa 504, wadda aka ce an zo a gada, ta ga bayan magajiyarta. An daina ƙera ta a Turai a 1983, Faransa ta daina 505 a farkon shekarun 1990, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da 504 har wajen 2006. Dalilin bai wuce wanda bakanikenmu ya faɗa ba: akwai kayanta a kowane gari, akwai hannun da ya san ta, kuma ba ta neman abin da ƙasar ba ta da shi. 505 ce ta ƙarshe a motocin Peugeot da tayoyin baya ke turawa. Waɗanda suka biyo baya, irin su 406 da Kaduna ta harhaɗa daga baya, motoci ne masu daɗi da gudu, amma da waya da na'ura a ko'ina, gyaransu ya fi ƙarfin gindin mangwaro. A 2003 gwamnatin tarayya ta koma bai wa ma'aikata kuɗi a madadin motar ofis, babban mai sayen Fijo ya janye hannu. A 2006 aka sayar da hannun jarin gwamnati a kamfanin, bashi ya kai shi hannun hukumar AMCON bayan wasu shekaru, kamfanonin taya na Michelin da Dunlop ma suka rufe masana'antunsu a ƙasar. A 2022 an buɗe wata sabuwar masana'antar Peugeot a Kaduna da haɗin gwiwar Dangote, amma abin da take fitarwa ba ma'aikaci mai jiran ƙarshen wata ake yi wa ba.

Yanzu mu ne iyayen, kuma maganar canza mota ba ta mutu ba. Mai Golf wagon na son Sharon, mai Sharon na son Sienna, matan gida na nan suna tambayar mutum nawa take ɗauka. Abin da ya canza shi ne tambayoyin da muke yi wa dila. Iyayenmu launi suke zaɓa. Mu kuwa tambaya muke yi ta wace shekara ce, an taɓa hawanta a Najeriya ko yanzu ta sauka, an buɗe injin, takardun kwastan na gaske ne, musamman tun da aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a farkon 2017. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma an ƙara wata tambayar a gaban duk sauran, wato nawa take sha daga Kano zuwa Kaduna. Akwai waɗanda a cikinmu suka sayar da babbar suka koma ƙarama, dangi na gunaguni.

Sienna ɗin da ɗayanmu ya saya bara, a jihar Indiana ta Amurka aka ƙera ta, ta girmi babbar 'yarsa da shekara biyu. A gilashin baya akwai wata takarda da iyalin farko suka manna, mai sunan makarantar da 'ya'yansu suka yi, rana ta cinye rabin rubutun. Ya sa an kankare ta da reza, ba ta fita duka ba. Yaran suna zama a layi na uku, daidai ƙarƙashinta, da buhun shinkafa a bayan wuyansu.